Gada ɗaya ga jirgin ƙasa da mota, ko kowa da tasa?

Duk lokacin da aka tashi gina babbar gada a kan kogi, ba a rasa mai cewa: tun da za a narka waɗannan maƙudan kuɗi, me zai hana a shimfiɗa layin dogo a kanta gaba ɗaya a huta? Gada ta biyu da aka gina a kan kogin Kwara tsakanin Asaba da Onitsha ta motoci ce zalla, kuma har yanzu akwai masu ganin an yi asarar dama. Za a sake tayar da wannan magana duk ranar da aka ƙuduri aniyar haɗa layin dogon Benin, wanda ya tsaya a Parakou, da wanda aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso, domin ba makawa sai ya haye kogi a wajen Gaya da Malanville.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma hujjar tana ƙarƙashin ruwa. A babban kogi, abin da ido ke gani na gada, wato kwalta da shinge da fitilu, shi ne mai sauƙin kuɗi. Abin da ke cin dukiya shi ne tushen ginshiƙai. Gadar Padma ta Bangaladash, wadda aka buɗe wa motoci a watan Yunin 2022, tana da tsawon kilomita 6.15, kuma saboda gindin kogin yashi ne mai laushi da ruwa ke kwashewa duk damina, sai da aka kafa wasu turakun ƙarfe zuwa zurfin sama da mita 120. Wanda ya ga irin wannan aiki ba zai yi sha'awar a maimaita shi sau biyu ba, ɗaya don jirgi ɗaya don mota. Shi ya sa aka ɗora motoci a sama, jirgi a ƙasa, a kan ginshiƙai ɗaya.

To amma ba kowane kogi ne Padma ba. Kuma idan aka ce gada ɗaya, siffa huɗu ake nufi, kowace da halinta. Akwai wadda jirgi da mota ke bin shimfiɗa ɗaya, wannan ya jira wancan. Akwai wadda suke gefe da gefe a kan shimfiɗa ɗaya. Akwai mai bene. Akwai kuma wadda kowa da shimfiɗarsa, ko da ginshiƙan na tarayya ne ko a rabe.

Kafin a auna su, sai an san inda jirgi da mota suka saɓa, domin daga nan duk rigimar ta samo asali.

Na farko nauyi. A sababbin layukan dogo na ɗaukar kaya, ana yarda kowane ƙarfen da ya haɗa ƙafafu biyu ya ɗauki kusan tan 25. A kan titi, dokar yawancin ƙasashe ba ta wuce tan 10 zuwa 13. Kan jirgi ɗaya yakan haura tan 100, ga taragu a jere a bayansa, duk suna bin layi guda ba kaucewa, suna dukan wuri ɗaya sau dubbai a shekara. In direban jirgi ya taka birki a tsakiyar gada, wannan nauyi gaba ɗaya yana tura shimfiɗar gaba, kuma ginshiƙai ne za su tare. Gadar mota tana iya ɗan lanƙwasawa in an yi mata lodi, ba wanda zai damu. Jirgi kuwa ba ya son ƙasan da ke motsi a ƙarƙashinsa; dole gadarsa ta yi tauri, tauri kuma ƙarfe da kankare ne, wato kuɗi.

Na biyu hawa, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa da shi. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, santsi gare ta. Jirgin kaya ba ya son hawan da ya wuce mita 1 a cikin kowace mita 100. Tirela tana iya hawan mita 4 ko 5 a cikin 100 ba tare da wahala ba. A ce ana son gada ta tashi mita 25 sama da ruwa don jiragen ruwa su riƙa wucewa ta ƙarƙashi. Titi zai kai wannan tsayi a cikin mita 600 da 'yan kai. Layin dogo sai ya faro hawa tun daga kilomita 2.5, kuma haka zai yi a ɗaya gaɓar wajen sauka. Gadar Huey P. Long da ke kan kogin Misisifi kusa da birnin New Orleans a Amurka, wadda aka buɗe a 1935, ta nuna wannan a fili: ɓangaren motoci bai kai kilomita 2.5 ba, amma na jirgi ya kai kilomita 7 yana tafe a kan ƙafafun ƙarfe. A Nanjing ta ƙasar Sin ma haka ne, titin ya kai kilomita 4.6, layin dogon kusan 6.8. Jirgi kuma ba ya shan kwana mai tsanani. Saboda haka da zarar an ce jirgi zai bi gada, shi ne zai zaɓi inda za a gina ta, mota ta bi shi. Wani lokaci wurin da ya dace da jirgi yana nesa da gari da kasuwa, sai a wayi gari direbobi na zagaye na kilomitoci kullum don amfanin jirgin da ke wucewa sau biyu a rana.

Shimfiɗa ɗaya, wannan ya jira wancan

Wannan ita ce mafi araha, kuma ita Turawan mulkin mallaka suka fi yi a Afirka, domin a zamaninsu jirgi ne sarkin hanya, motoci ba su taka kara sun karya ba. Tsohuwar gadar Makurdi a kan Binuwai, da aka buɗe a 1932, ta ɗauki jirgi da mota tare, ta kawo ƙarshen fiton taragu a kan ruwa. Ta yi aikinta shekaru da dama, amma da motoci suka yawaita sai da aka gina musu tasu daban. A Duwala ta Kamaru ma tsohuwar gadar kogin Wouri ta shekarun 1950, wadda ta haɗa birnin da Bonaberi, jirgi da mota ne suka yi tarayya a kanta, kuma duk mai fataucin da ya taɓa bin wannan hanya ya san irin cunkoson da ake sha a bakinta.

Har a zamanin nan ana yin irinta. Gadar da ta haɗa Tailan da Lawos a kan kogin Mekong, da aka buɗe a 1994, tana da layin dogo a tsakiyar titi. Tun da jirgi ya fara bi a 2009, in lokacin wucewarsa ya yi sai a rufe wa motoci hanya ta gaɓa biyu har ya fice. A Niyu Zilan gadar Taramakau, mai layi ɗaya tal ga jirgi da motocin da ke zuwa da masu komawa, ta yi aiki har 2018 kafin a gina wa motoci sabuwa.

Wanda bai taɓa lura da layin dogon da aka binne cikin kwalta ba, ya duba shi da kyau in ya zo mararrabar jirgi. A gefen kowane ƙarfe ana barin rami siriri don leɓen ƙafar jirgi ya samu wurin bi. A mararraba kana tsallake ramin ne a gicciye, sau ɗaya, ka wuce. A kan gada kuwa ramin yana tafe tare da kai daga farko har ƙarshe. Mai babur da ya ɗauko fasinja da buhu, in tayarsa ta gaba ta faɗa wannan rami, ba ya iya juya kai. In ruwan sama ya jiƙa ƙarfen, abin ya ƙara muni. Ramin kuma yana tara ƙasa da ruwa da man da ke zuba daga motoci, ruwan ya ratsa zuwa ƙarfen da ke ƙasa, tsatsa ta kama a inda ba mai gani. Ga kwaltar gefen layin da tayoyin tirela ke farfasawa kullum.

Irin wannan gada tana zaman lafiya ne da sharaɗi biyu: jiragen su zama kaɗan, kuma in mai tuta ya ɗaga ja kowa ya tsaya. Sharaɗi na biyu ne ya fi ba ni tsoro a hanyoyinmu, inda mota ɗaya in ta lalace a tsakiyar gada sai ta wuni a nan ana neman bakanike. Jirgin kaya ba ya tsayawa a taku goma. A ganina, a kan duk wata babbar hanyar da tireloli da tankoki ke bi, bai kamata ma a saka wannan siffa cikin lissafi ba. Wurinta shi ne ƙauyen da ke da gadar jirgi tuntuni, jirgi na wucewa jefi-jefi, mutane kuma ba su da wata hanyar ƙetarewa sai kwalekwale. A nan shimfiɗa wa gadar katako ko kankare don motoci su samu bi alheri ne babba. An yi haka a Mozambik da gadar Dona Ana mai tsawon kilomita 3.6 a kan Zambezi: bayan yaƙin basasa aka mayar da ita ta motoci a shekarun 1990, da layin dogon ya farfaɗo kuma aka mayar wa jirgi abinsa.

Gefe da gefe

A nan ba mai jiran wani. Jirgi da layinsa, motoci da nasu, shinge a tsakani. Gadar tashar ruwan Sidni a Ostireliya tana haka tun 1932, a yau da layin dogo biyu da layukan mota takwas, kuma lafiya lau take, don tun farko an zuba mata ƙarfe daidai da nauyin.

Matsalar wannan siffa ita ce inda aka ajiye jirgin. In a gefe yake, duk wucewarsa sai ya danne ɓangare ɗaya, shimfiɗar ta murɗa. Gadar Manhattan a birnin New York, ta 1909, an sa mata layukan jirgi huɗu, biyu a kowane gefe na waje. Shekara da shekaru jiragen na murɗa ta hagu da dama har ƙarafunanta suka tsattsage. Gyaran da aka fara a farkon shekarun 1980 ya ci ɗaruruwan miliyoyin dala, ana rufe wannan gefe a buɗe wancan, kuma jirage ba su koma bin dukkan layukan ba sai 2004. In kuma aka sa jirgin a tsakiya, murɗawa ta ragu, amma a kowane bakin gada sai layin dogo ya tsallake hannu ɗaya na titi kafin ya fita, wato ko a yi mararraba ko a ƙara wata ƙaramar gada.

Labarin da ya fi kowanne amfani ga mai yanke shawara shi ne na gadar kogin Jamuna, ita ma a Bangaladash. An buɗe ta a 1998, tsawonta kilomita 4.8, layukan mota huɗu da layin dogo guda a gefe. A lokacin an yi murna, an ce da kuɗin gada ɗaya an samu biyu. Ba a yi shekara goma ba aka gano tsaga a jikin shimfiɗar. Aka taƙaita gudun jirgi zuwa kilomita 20 a awa, aka rage nauyin da jiragen kaya za su ɗauka. Layi ɗaya ne, don haka in jirgi na kan gada, na ɗaya gaɓar sai ya jira ya fice. Wannan gada ita ce mahaɗar babban birnin Dhaka da arewa maso yammacin ƙasar, sai ta zama maƙogwaron da duk jiragen yankin ke shaƙewa a ciki. Ƙarshenta sai da aka nemo rance daga Japan aka gina wata gadar jirgi zalla a kusa da ita, mai layi biyu, aka buɗe ta a 2025. Kuɗin gada ta biyu da aka guje wa a 1998 an biya shi daga baya da farashin wani zamani, ga asarar shekaru kusan 20 na jirage masu rarrafe. Araha ba ta ado.

Tsohuwar gadar Victoria Falls tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ta 1905, ita ma tana nan a wannan hali. Don jirgi aka gina ta, aka ƙara mata titi wajen 1930. Yau jirgi na ƙetare ta a hankali ƙwarai, manyan motoci kuma ɗaya bayan ɗaya.

Mai bene

In har dole ne a haɗa, kuma jiragen da motocin duk masu yawa ne, wannan ce siffar da ta fi tabbatar da kanta. Dalilin na aikin injiniya ne mai sauƙin fahimta. Gadar jirgi tana bukatar jiki mai zurfi don ta yi tauri, kuma gadar ƙarfe mai saƙar gicciye da ma tana da sama da ƙasa da fili a tsakani. Sai jirgi ya bi ta ciki, a tsakiya daidai inda nauyinsa ba zai karkata ba, motoci su bi ta kan rufin. Zurfin da jirgi ya tilasta a yi, shi ne kuma ya ba mota wurin zama. Sinawa sun yi haka a Wuhan a 1957 da Nanjing a 1968. Gadar Oresund da ta haɗa Denmak da Suwidin tun 2000, mai kusan kilomita 8, layukan mota huɗu ne a sama, na jirgi biyu a ƙasa. Ta Bogibeel a kan kogin Brahmaputra a Indiya, kilomita 4.94, an buɗe ta a Disambar 2018. A nan Afirka ta Yamma muna da ta Houphouët-Boigny a Abijan tun 1957, inda jirgi ke bi ta cikin akwatin kankaren da titi ke kansa.

Tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Daga ƙarshen 2016 zuwa ƙarshen 2018 an rufe benen motoci na gadar Nanjing don babban gyara, jirage kuma suka ci gaba da wucewa a ƙasa. A gadar shimfiɗa ɗaya wannan ba ya yiwuwa.

Amma tana da nata nauyin. In jirgi ne a ƙasa, titi ya ƙara tashi da mita 10 ko fiye sama da layin dogo, kuma a kowace gaɓa sai an gina doguwar gangara mai lanƙwasa don raba su. A cikin gari wannan na nufin rushe gidaje da biyan diyya. Sannan na ƙasa yana shan duk abin da na sama ya zubar. Ruwan damina, man dizal, taki ko gishirin da ya zube daga buhu, duk suna bin mahaɗar shimfiɗa su ɗiga kan ƙarafunan ƙasa in magudanar ta toshe, kuma magudanar gada ba ta daɗewa ba ta toshe ba in ba mai share ta. Hayaƙin kan jirgi mai dizal shi kuma yana tashi ya bugi cikin benen sama. Gada ce mai son fenti da dubawa a kai a kai. Ƙasar da ba ta saba ware kuɗin kula da gada duk shekara ba ta yi tunani sau biyu.

Ga kuma wuta. Duk wanda ya ga tankar fetur na ci a kan hanya ya san zafin da ke tashi. Ƙarfe ba sai ya narke ba. In zafi ya kai wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Tanka ɗaya a benen sama, ko taragon mai a benen ƙasa, na iya yanke titi da layin dogo a dare guda. In babu wata gada a kusa, rabin ƙasa ya yanke daga rabi.

Kowa da shimfiɗarsa

Abin lura shi ne wuraren da suka ɗanɗani tarayya, in suka samu damar sake gini, sau da yawa rabawa suke yi. Da Kamaru ta gina gada ta biyu a kan Wouri, wadda aka fara bi a 2017, shimfiɗa biyu aka yi kusa da juna, ɗaya ta motoci ɗaya ta jirgi, kowace wajen mita 750. Denmak ta fi kowa nuna cewa amsar na sauyawa da yanayin ruwa, har a cikin aiki ɗaya. A mashigin Great Belt, ɓangaren yamma inda ruwa ba zurfi, an yi gada mai kilomita 6.6 da shimfiɗa biyu a rabe, ta jirgi da ta mota, a kan tushe na tarayya. A ɓangaren gabas inda manyan jiragen ruwa ke wucewa, motoci suka hau gadar igiya mai tsayi wadda tazarar tsakiyarta ta kai mita 1,624, jirgi kuma aka haƙa masa rami na kilomita 8 a ƙarƙashin teku, don ba zai iya wannan hawa ba.

Siffar yammacin Great Belt ta cancanci a dube ta da kyau, domin ta tara amfanin ɓangarorin biyu. Aikin cikin ruwa, mai tsada, an yi shi sau ɗaya. Amma girgizar jirgi ba ta bin kwaltar mota, shimfiɗar mota ba sai an yi ta da kaurin ta jirgi ba, kuma ana iya ɗaga ɗaya a sauya ba tare da an taɓa ɗayar ba. Abin da ba ta magance ba shi ne wuri da tsayi: har yanzu jirgi ne ke zaɓa.

Rabawa gaba ɗaya, kowa da ginshiƙansa a inda ya dace da shi, ta fi tsada a takarda. Sai dai tazarar ba ta kai yadda ake zato ba in kogin mai sauƙin kai ne. Yawancin kogunan arewacin Najeriya da kudancin Nijar da rani yashi ne, ɗan kwangila na shiga da motocinsa har tsakiya ya haƙa tushe a busasshiyar ƙasa. A irin wannan wuri ba wata riba a haɗawa, sai ɗaure kai.

A bar wa jirgi wuri don gaba?

Sau da yawa ainihin tambayar ke nan, domin kuɗin titi ne ke hannu, layin dogo kuma alkawari ne. Misalai biyu sun ja hankalina. Gadar Kazungula tsakanin Zambiya da Botswana, mai mita 923, an buɗe ta a Mayun 2021 kan kuɗi kusan dala miliyan 259. Kafin ta, tireloli kan kwana da kwanaki suna jiran jirgin fito. An shimfiɗa mata layin dogo a tsakiya, amma ranar buɗewa ba layin da ya iso ta daga kowace gaɓa. An biya kuɗin ƙarfin da zai ɗauki jirgi, ana kuma biyan ruwan bashinsa, alhali motoci kaɗai ke bi. A Lisbon ta Fotugal kuwa, gadar da aka buɗe a 1966 an tsara ta da niyyar jirgi zai bi benen ƙasa wata rana. Ranar ta zo a 1999, bayan shekara 33. Kuma ko da tanadin da aka yi, sai da aka ƙara mata wasu manyan igiyoyin ƙarfe, domin jiragen da motocin sun fi abin da aka lissafa a da.

Abin da na fahimta daga biyun shi ne tanadi ya fi kyau ya tsaya a abin da ba a iya komawa a gyara. Tushe da ginshiƙi, in an gama an janye injuna daga kogi, ƙara musu faɗi sabon aiki ne fil. Faɗaɗa su tun ana ciki ƙari ne kaɗan a kan kuɗin da aka riga aka kashe wajen kawo kayan aiki da tare ruwa. Shimfiɗar jirgi kuwa ana iya ɗora ta ranar da layin ya iso, da faɗin layi da nauyin da zamanin ya zo da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankinmu, inda tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne, na Benin da Nijar 1,000, sababbin layukan Abuja zuwa Kaduna da Legas zuwa Ibadan kuma 1,435. Wanda ya binne layi a kankare yau bai san wanne za a kawo masa ba.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a zanen injiniya, wato mai gadar. Titi na wata ma'aikata ne, layin dogo na wata hukuma, kowa da kasafinsa da shugabansa. Gadar tarayya kamar katangar da ke tsakanin gidaje biyu ce: in ta tsage, kowane maigida na jiran maƙwabcinsa ya kira magini. Masu jirgi za su ce tirelolin da suka yi lodi fiye da ƙa'ida ne suka lalata ta, masu titi su ce girgizar jirgi ce, kuma kowa na da gaskiya. Gadar Oresund tana da kamfani guda na ƙasashen biyu da ke karɓar kuɗin wucewa yana kula da ita. In gadar na kan iyaka, masu ruwa da tsaki sun zama huɗu, ban da kwastan. Kafin a sa hannu a kwangila, ya kamata a ga takardar da ta ambaci wanda zai duba gadar, wanda zai biya fenti, wanda ke da ikon rufe ta, da inda za a kafa sikelin auna manyan motoci. In ba a iya daidaitawa a kan wannan takarda ba, alama ce cewa gada biyu ake bukata.

Da za a tambaye ni, ga yadda zan zaɓa. Kogi mai faɗin kilomitoci, mai zurfi da gindin yashi, jirage da motoci duk suna nan da yawa, kuma akwai hukuma ɗaya mai kuɗin shiga da za ta riƙe gadar: a yi mai bene, da layin dogo biyu, kada a yi ɗaya. Kogi matsakaici kamar Kwara ko Binuwai, inda layin dogo ke da hanyar da aka riga aka auna aka kuma san ta ina zai ɓullo: tushe ɗaya, shimfiɗa biyu, ta jirgi ta jira lokacinta. Inda layin bai wuce magana a taro ba, ko kogin na ƙafewa da rani: a gina wa motoci tasu a wurin da ya fi kusa da jama'a, a killace wa jirgi filinsa can gefe tun kafin a gine shi da gidaje.

A Gaya da Malanville akwai gadar motoci tuntuni, kuma ita ce ta daɗe tana ɗaukar kayan Nijar daga tashar ruwan Kwatano. Wannan kaɗai ya sauƙaƙa lissafin. Mai tsara layin Parakou zuwa Dosso ba shi da dalilin ɗora jirgi a kan hanyar da tireloli suka saba yin dogon layi suna jiran takardun kan iyaka. Gadar jirgi daban, a ɗan nesa da ta motoci yadda wutar ɗaya ba za ta kai ga ɗayar ba, da hanyar ƙafa a gefenta ga masu tallace-tallace da masu keke, za ta ba garuruwan biyu mashiga biyu a kan kogin maimakon ɗaya.